Buga gem tare a ɗaki ɗaya: abin da ake nufi da shi da yadda za ka haɗa naka a Legas

Ka leƙa kowane shagon gem a Agege ko Idi-Araba ranar Asabar da yamma, kusan abu ɗaya za ka tarar: mutum biyu na kara ƙwallo, saura na tsaye a bayansu suna jiran wanda za a ci ya ajiye hannu, wato abin da ake riƙewa a sarrafa gem. Haka yawancinmu muka tashi muka san gem, wasa ne na ko ni ko kai. To amma akwai wani salon da ya fi wannan dacewa da irin zaman da muke yi a Legas, kuma da yawa cikin masu PlayStation (PS) da kwamfuta suna da shi a na'urarsu ba su taɓa buɗe shi ba. Shi ne wanda ake rubuta wa "local co-op" a bayan kwali ko a shafin sayar da gem.

Sharaɗi biyu ne ke tabbatar da shi. Na farko, duk masu wasan ɓangare ɗaya suke, kwamfuta ce abokiyar gabarsu. In an ci an ci tare, in an faɗi an faɗi tare. Na biyu, a wuri ɗaya suke zaune, ba intanet ce ta haɗa su ba. In ɗaya ya ɓace, ya zama wani abu daban. Kai da abokinka ku zauna kuna jibgar juna a Mortal Kombat, kuna wuri ɗaya amma gaba kuke yi. Ku haɗa runduna a Free Fire da wani ɗan'uwa da ke Kano, kun haɗa kai amma ta intanet. Wanda muke magana a kai kamar gayya yake: gona ɗaya, kowa da kuyyarsa, ba a tashi sai an kai ƙarshe.

Abin ya daɗe. Tun 1978 kamfanin Atari ya fitar da Fire Truck, inda mutum ɗaya ke tuƙa gaban motar kashe gobara, ɗayan na juya bayanta. A 1985 Gauntlet ya zo da mutum huɗu a lokaci guda. Wanda ya fi shiga gidajenmu shi ne Contra na kamfanin Konami, wanda ya fara fitowa a 1987, daga baya ya iso mana a kaset ɗin gem da ake jona wa talabijin. Duk wanda ya taɓa buga shi da ƙaninsa ya san daɗin abin, ko da bai san sunansa ba.

Kala uku ne, ka san wanda kake nema

Akwai wanda kowa ke bayyana a fuska ɗaya, kamara ɗaya na bin ku duka, kamar Overcooked da Cuphead da ƙwallo. Shi ne mafi sauƙi ga na'ura, kuma ko ƙaramar talabijin ta wadatar.

Akwai wanda ake raba fuskar talabijin gida biyu ko huɗu, kowa na kallon nasa ɓangaren. Wannan yana ba kowa 'yancin zuwa inda ya ga dama, sai dai yana da nauyi, domin dole na'urar ta zana duniyar wasan sau biyu a lokaci guda, daga idon kowane ɗan wasa. Shi ya sa za ka ga gem ɗin da ke tafiya sumul in kai kaɗai ne ya fara sarƙewa da zarar na biyu ya shigo. Wannan nauyin na cikin dalilan da suka sa wasu manyan kamfanoni suka riƙa janye jiki. Jerin Halo ya yi suna da raba fuska tun na farkonsa a 2001, amma Halo 5 ya fito a 2015 babu shi, masoyansa kuwa ba su ji daɗi ba.

Na uku shi ne kowa da na'urarsa, amma an haɗa su a rauta ɗaya ko hotsfot ɗaya, abin da ake kira LAN. Doom na 1993 ya yi fice da wannan, har mutum huɗu. Wasu ba sa lissafa shi cikin wannan salo tunda fuska ba ɗaya ba ce. Ni dai ina lissafa shi, domin kuna jin muryar juna ba tare da sabis ba.

Me ya sa na damu da wannan salo? Kwafin gem ɗaya ya ishi mutum biyu zuwa huɗu a kala biyun farko. Ba ya cin data yayin wasa, ba ya buƙatar kuɗin rajistar wata-wata irin na PlayStation Plus, kuma babu jinkirin sabis tsakanin danna maɓalli da motsi. Sannan akwai wani abin da ba a cika faɗa ba: ana iya tsayar da shi. In an kira Magariba, mutum ɗaya zai danna maɓallin dakatarwa, a je masallaci a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Wasan intanet ba ya jiran kowa, kuma mun san yaran da wannan ya sa suke jinkirta salla.

Mataki na farko: tabbatar gem ɗin na da shi kafin ka fitar da kuɗi

A nan aka fi yin asara. Kalmar "multiplayer" kaɗai ba ta wadatar ba, don tana iya nufin intanet zalla. A bayan kwalin faifan PS za ka ga lambobi kashi biyu: adadin 'yan wasa, misali 1-4, da kuma adadin 'yan wasan intanet a gefe daban. Na farkon ne naka. In an rubuta 1 kawai, to komai yawan na biyun, mutum ɗaya ne zai riƙe hannu a ɗakin. A Steam kuwa, wato manhajar sayen gem ta kwamfuta, ka duba gefen dama na shafin gem ɗin, ka nemi "Shared/Split Screen Co-op" ko "LAN Co-op". In ka ga PvP a ƙarshe maimakon Co-op, wannan na karawa da juna ne.

Ka kula kuma, gem ɗaya kan bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Minecraft na raba fuska har gida huɗu a PS da Xbox da Switch, amma ba ya yi a kwamfuta ko waya. GTA San Andreas na 2004 yana da wasan mutum biyu a PS2, na kwamfuta ba shi da shi, GTA V kuwa babu ko ɗaya. Saboda haka kada ka tambayi mai shago "ana buga shi mutum biyu?" ka tsaya nan. Ce masa ya kunna, ya jona hannu biyu, ka gani da idonka.

Mataki na biyu: hannaye

Kowane ɗan wasa na buƙatar hannunsa. PS4 da PS5 na ɗaukar hannu huɗu a lokaci guda, Xbox na zamani da Switch har takwas, amma gem ɗin ne ke yanke adadin ƙarshe. Wanda ya sayi PS5 ya sani cewa tsohon hannun PS4 ba ya buga gem ɗin PS5, sai dai gem ɗin PS4 da aka sa a cikinta.

Ko Computer Village ta Ikeja ka nufa ko kasuwar Alaba ta Ojo, za ka samu sabo, da tokumbo, da na jabu mai kama da na asali sak. Tokumbo mai kyau ya fi sabon jabu, a ganina, amma sai an gwada. Babbar cutar tsohon hannu ita ce analog, wato ɗan sandan da ake juyawa da babban yatsa, ya riƙa tafiya da kansa ba a taɓa shi ba. Ga yadda ake kama shi: ka je da laftof ɗinka ko ka roƙi ta mai shago, ka jona hannun da kebul, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta joy.cpl, ka buɗe bayanan hannun. Za ka ga ɗan gicciye a tsakiyar wani akwati. Ɗauke yatsunka gaba ɗaya ka zuba masa ido. In yana rawa ko yana zamewa gefe, mayar masa da kayansa. In ya tsaya cak, juya analog ɗin zagaye, ka saki, ka ga ko ya koma tsakiya. Sannan ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, musamman na kafaɗa, su ne 'yan ƙwallo ke fara kashewa. Duk abin bai wuce 'yan mintoci ba, kuma ya fi maka sake shiga gosulon Ikeja don mayar da kaya.

Kada ka manta da kebul. Akwai igiyoyin USB da caji kawai suke yi ba sa ɗaukar saƙo, kuma su suka fi yawa a hannun masu talla. Da irinsu hannu zai yi caji amma PS ba za ta gane shi ba, sai mutum ya zaci hannun ne ya lalace. Na PS4 micro-USB ne, na PS5 kuwa USB-C.

Masu kwamfuta su lura da hannayen nan masu araha da ke zuwa biyu a igiya ɗaya. Da tsohon tsari suke aiki, alhali yawancin sababbin gem tsarin hannun Xbox suka sani, wanda ake kira XInput, shi kuma iyakarsa hannu huɗu. In ta Steam kake wasa, shiga saitinsa, ɓangaren hannu, ka kunna goyon bayan irin hannun da kake da shi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

In kuɗin hannu na biyu bai samu ba tukuna, ba a rasa mafita. A kwamfuta ɗaya na iya riƙe kibod, ɗaya hannu. Overcooked ma ya yarda mutum biyu su raba hannu ɗaya, kowa ya riƙe rabi. Raba kibod ɗaya tsakanin mutum biyu shi ne ban cika ba da shawara ba, domin kibod mai araha ba ya iya karanta maɓallai da yawa in an danne su lokaci guda, sai ɗayanku ya ga ɗan wasansa ya ƙi motsi.

Mataki na uku: jonawa

A PS, jona sabon hannu da kebul, danna maɓallin PS na tsakiya. Na'urar za ta tambayi wane ne ke riƙe da shi. Zaɓi wani akawun da ke ciki, ko ka shiga a matsayin baƙo. Bambancin shi ne abin da baƙo ya tara yana gogewa da ya fita, don haka wanda kullum yake zuwa gara a buɗe masa nasa sunan. Galibi ci gaban labarin a akawun ɗin wanda ya buɗe gem ɗin yake zama, sai ku riƙa buɗe shi da wannan akawun ɗin kowane zama.

A kwamfuta ta Bluetooth: hannun PS4 ana danne Share da PS tare har fitilarsa ta fara walƙiya, na PS5 Create da PS, na Xbox kuwa yana da ɗan maɓallin haɗawa a samansa. In hannaye sun kai uku ko huɗu, kebul ya fi aminci, domin Bluetooth ɗin laftof kan fara jinkiri in an yi masa yawa. Jona hannayen duka kafin ka buɗe gem, wasu ba sa ganin wanda ya shigo daga baya.

Mataki na huɗu: talabijin da wuta

Haɗa laftof da talabijin ta HDMI. Nemi "Game Mode" a saitin hoton talabijin ka kunna. Yana kashe gyare-gyaren hoton da ke jawo jinkiri. In za ku raba fuska gida huɗu, a samu babbar talabijin kuma a matso kusa, in ba haka ba rubutun ba zai karantu ba. In laftof ta fara nishi, rage ingancin hoto da inuwa, kuma a bar ta a jone da caja, don yawancinsu suna rage ƙarfi in suna kan batir.

Wuta kuwa sai an yi mata shiri. PS5 na cin kusan wat 200 in wasa ya yi zafi, PS4 ƙasa da haka, don haka ƙaramin janareta ko inbata na ɗaukar ta tare da talabijin. Matsalar ita ce yankewa ba zato. In aka ɗauke wuta na'ura na tsakiyar adana wasa, abin da aka adana kan lalace, wani lokaci sai ta yi dogon binciken kanta kafin ta tashi. Ƙaramin UPS da zai ba ka 'yan mintoci ka adana ka kashe ya biya kuɗinsa. Kada ka bar PS a yanayin barci ka fita. Kashe ta gaba ɗaya. Haka nan kafin a juya layi daga wutar gari zuwa inji, kashe tukuna.

Sai batun data. Wasan ba ya ci, amma saukewa da sabuntawa na ci sosai. Yi su sau ɗaya inda ka samu Wi-Fi mai kyau. Bayan nan sa Steam a yanayin rashin intanet. A PS4 ka mayar da na'urar ta zama ita ce babbar na'urar akawun ɗinka, a PS5 ka kunna "Console Sharing and Offline Play", domin gem ɗin da ka saya ta intanet ya buɗe ko babu sabis.

Mataki na biyar: zaɓen gem daidai da mutanen da ke ɗakin

Fara da abin da kake da shi. A FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, ko a eFootball, wurin da ake zaɓar ɓangare kafin wasa, ku tura hannayenku duka gefe ɗaya maimakon ɗaya hagu ɗaya dama. Shi ke nan, kun zama ƙungiya ɗaya kuna kara da kwamfuta. Ku ɗaga ƙarfinta sama. Wanda ya saba yanka mutum huɗu shi kaɗai zai gane cewa gudu ba tare da ƙwallo ba, don buɗe wa ɗan'uwa hanya, shi ma gwaninta ne.

Ga gida mai yara da manya, ban ga kamar Overcooked ba, wanda ya fito a 2016, na biyunsa a 2018. Kicin ne, mutum har huɗu, oda na shigowa lokaci na tafiya: a yanka albasa, a zuba uku a tukunya, a kwashe kafin ta ƙone, a kai, a wanke kwano. Maɓallan kaɗan ne. Na ga wani maƙwabcinmu, ɗan kasuwar Mile 12 da bai taɓa riƙe hannun gem ba, 'yarsa ta zaunar da shi. Zagayen farko tukunya ta kama da wuta, shi yana ta zagaye da kwano a hannu. Sai yarinyar ta ce, "Baba, kai dai tsaya wajen katakon nan ka yi ta yanka, Yaya zai dafa, ni zan kai." Ya tsaya. Can sai ga shi yana cewa, "Uwata, ga albasa nan na ajiye miki a kan teburi, kawo min tumatir." A zagaye na uku suka samu tauraro biyu, shi ne ma ya ce a sake.

Ga mutum biyu da za su daɗe suna bin labari, It Takes Two na kamfanin Hazelight, wanda ya ci kyautar gwarzon gem na 2021 a bikin The Game Awards, ba ya buguwa sam sai da mutum biyu. Kowa da kayan aikinsa daban: a wani zango ɗaya na jefa ƙusoshi, ɗayar na riƙe da kan guduma tana lilo a jikinsu, babu mai wucewa sai da ɗan'uwansa. Labarin miji da mata ne da ke shirin rabuwa, an sa masa shekara 12, kuma akwai wurin da zai iya tayar wa ƙaramin yaro hankali. A Way Out na kamfanin ɗaya, na 2018, shekara 18 aka sa masa, ba na yara ba ne. Lambar shekarun na nan a gaban kwalin faifan da aka yi don kasuwar Turai: 3, 7, 12, 16 ko 18. Iyaye su duba ta. Gem ɗin Lego sun dace da ƙanana, don ana shiga a fita a tsakiyar wasa kuma mutuwa ba ta mayar da mutum baya. Cuphead na 2017 zanensa kamar katun ɗin yara, amma yana da wuya ƙwarai, kada a fara wa sabon shiga da shi.

Mataki na shida: zaman kansa

Kayan aiki duk sun fi wannan sauƙi. Kafin a fara zango, a raba aiki da baki: wa ke gaba, wa ke tsaron baya, wa ke ɗaukar magani. Umarni ya zama gajere kuma da suna. "Zo nan" ba ta da amfani in mutum huɗu ke ɗakin. "Yaya, hagu, ƙofa" ita ke aiki.

Nauyi mafi girma na kan wanda ya fi iyawa. A Contra akwai zangon da ake hawa sama ta gefen ruwa mai gangarowa. In gwani ya yi ta tsalle bai waiwaya ba, fuskar na binsa sama, na ƙasa ya mutu ba don abokan gaba sun taɓa shi ba. Haka abin yake a kusan kowane gem na haɗin gwiwa, ko da ba a fili ba. Gwani ya rage gudu, ya bar wa sabo makami mai kyau, kuma kada ya fizge hannu daga hannun yaro ya ce bari in wuce maka nan. Ranar da aka yi wa yaro haka sau biyu, ya daina wasa ya koma kallo. In wuri ya gagara, a rage wahalar gem ɗin a saiti, babu abin kunya a ciki.

In mutane sun fi hannaye yawa, a ajiye dokar wanda aka ci ya tashi, don a nan babu wanda aka ci shi kaɗai. A yi karɓa-karɓa da zango: an gama ɗaya, biyu su miƙa wa biyu. Kuma a gidan haya da ɗakuna ke fuskantar juna, a sa lokacin tashi tun kafin a fara, saboda ihun murna na ratsa bango.

In babu PS babu kwamfuta

Wayoyi sun isa. Mutum ɗaya ya kunna hotsfot, saura su shiga. A yawancin wayoyin Android ko an kashe data hotsfot ɗin na haɗa wayoyin da juna. A Minecraft mai gida ya buɗe duniyarsa ya bar ta a bayyane ga 'yan LAN, saura za su gan ta a jerin abokai. BombSquad na ɗaukar har mutum takwas, yana da zangunan da ake taruwa a yaƙi kwamfuta, kuma da manhajar BombSquad Remote waya na zama hannun gem, a haɗa na'ura ɗaya da talabijin kowa ya kalli wuri ɗaya.

In wani bai ga wasan a wayarsa ko laftof ɗinsa ba, abu uku za a duba bi da bi. Shin kowa na kan hotsfot ko rauta ɗaya? Shin sigar gem ɗin ɗaya ce a wurin kowa, don wanda ya sabunta ba ya haɗuwa da wanda bai sabunta ba? In kuma laftof ce mai Windows, shin katangar tsaronta ta ba gem ɗin izinin shiga hanyar sadarwa ta gida? Akwatin neman izinin kan fito ne ranar da aka fara buɗe gem ɗin, mutane da yawa kuma sukan rufe shi ba su karanta ba. Sai a shiga saitin tsaron Windows, a nemo sunan gem ɗin a jerin manhajojin da aka yarje wa, a sa masa alama, a sake buɗe shi.